Watandar Gawar Jatau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya yanka wa kowane rai ranar tafiyarsa, ya ɓoye wa kowa inda za a haƙa raminsa. Ku gyara zama, jama'a, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Nomau ɗan Bagudu, mahauci jikan mahauta, mutumin Tudun Marke, wanda ya bi yayansa har bayan duwatsun da rana ke faɗawa, ya ga abin da bai so gani ba, ya dawo ba tare da yayan ba.

Yayana Jatau tun yana ƙarami magana ba ta wuce shi. In malam ya faɗi abu sai ya ce, "To shi wanda ya gaya maka, wa ya gaya masa?" Ya sha bulala a kan haka har masu dukan suka gaji. Ranar da muka binne mahaifinmu muka dawo gida, ya ƙi cin abinci, ya zauna a zaure yana kallon bango. Da ya buɗe baki sai ya ce tafiya zai yi, ya ji daga bakin sauran mutanen duniya wa ya yi mu, kuma ina za mu in mun mutu, don fatake sun gaya masa kowace ƙasa da irin nata zancen. Ni ba ni da wannan ciwon. Ina sallata, ina fiɗar shanuna, wanda ya ɓata min rai in kai masa hannu. Amma Inna ta kama ni ta ce, "Nomau, bi shi. In ka iya, ka dawo min da shi. In ba ka iya ba, kada ka bar min shi a waje. Ka sa shi a ƙasa da hannunka, cikakke, yadda aka sa ubanku." Na ce na ɗauka.

Muka ƙetare daji, muka ƙetare wani rairayi baƙi wanda yake cin tafin ƙafa, muka faɗa Ƙasar Toka. Mutanenta wuta suke bauta wa. Suna da wani rami mai faɗin kasuwa, wuta na ci a cikinsa ba itace ba mai, a nan suke jefa matattunsu, su kwashi tokar su shafe jiki da ita. Jatau ya gaida babban bokansu ya faɗi abin da ya kawo shi. Boka ya ce ba sa buɗe wa baƙo asiri sai ya karɓi shaida. Na tambaya mece ce shaida, kafin a ba ni amsa har Jatau ya tuɓe riga. Suka ciro ƙarfe ja daga wuta suka danna masa a ƙirji. Ƙaurin ya bugi hancina, irin na ƙafar saniya in ana babbaka.

Da ya farfaɗo suka gaya masa wuta ce ta yi mutum, gare ta kuma zai koma. Jatau ya jinjina kai, ya ce, "To, Baba, in aka kwara mata ruwa ta mutu fa, wa ke tashin ta?" Sai na ga wani ƙato ya ɗago sanda. Ban jira ya sauke ta ba, na ba shi naushi guda a muƙamuƙi, haƙoransa suka zube a toka. Suka yo kanmu caa. Allah ya sa akwai bijimai ɗaure a bakin ramin ana jiran a jefa su, na bi na tsinke igiyoyinsu, na soki ɗaya a cinya. Suka haukace suka bi ta kan mutane, na ga sun take wasu, wasu sun faɗa wutar da suke bauta wa suna ihu. Na saɓi Jatau muka fita ta cikin ƙura.

Da muka yi nisa na waiga, na hangi wani mutum shafe da toka yana biye da mu. Ba ya matsowa, ba ya komawa. Na jefe shi da dutse ya kauce, ya ci gaba da binmu.

Daga nan sai Kogin Ja. Mutanen wurin ba sa kwana a tudu. Garinsu a kan ruwa yake, gidajen kara ɗaure a jikin wani kada da ya tsufa har bishiyoyi suka tsiro a bayansa, in ya motsa gari duka ya motsa. Su ma suka ce sai da shaida. Na ja Jatau gefe na ce, "Yaya, ciwon ƙirjinka ko ɓawo bai yi ba." Ya ce, "Nomau, wanda bai ɗanɗana ba, da wane baki zai ce babu daɗi?" Suka kawo wani ƙaramin kada a kwarya, ya miƙa hannun hagu, kadan ya datse ƙaramin yatsansa ya haɗiye. Sannan suka ce masa ruwa ne asalin kowa, cikin kada kuma shi ne ƙofar komawa, mutanen Toka kuwa maƙaryata ne. Jatau yana riƙe da hannu jini na zuba ya ce, "Na ji. Amma a ƙasarmu kogi kan ƙafe da rani. A lokacin ina ubangijinku yake zuwa?"

Suka ɗaure mu tamau a cikin kwalekwale, mutum biyu suka tuƙa mu zuwa bakin tsohon kadan. Abin da ba su sani ba, mahauci ba ya rabuwa da 'yar wuƙa a damtse. Na yanke igiya, na cafki na gaba na yanka masa maƙogwaro, na tura shi ruwa. Na biyun ya sare ni da matuƙi a kafaɗa, muka kama kokawa, na danna kansa cikin kogi har kadoji suka karɓe shi daga hannuna. Ruwan ya ƙara ja. Kadojin suna can suna rabon mutanensu muka kai gaɓa. Da muka hau tudu, masu binmu sun zama biyu, na biyun da mashin kamun kifi a kafaɗa.

Ba zan ja ku da labarin Dutsen Ungulu ba. Da igiya ake hawansa, ungulayen wurin kowace ta kai jaki, mutanen kuma a kan falalen dutse suke shanya matattunsu, su ce tsuntsu ne ke kai rai sama. Suka yanke wa Jatau rabin kunnen dama suka cilla, wata ungulu ta cafe tun bai faɗi ƙasa ba. A nan bai ma samu ya yi tambayarsa ba, don na toshe masa baki na jawo shi muka sauko. Mai binmu na uku ya sauko a bayanmu, sanye da rigar gashin tsuntsu.

A gindin dutsen na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce, "Yaya, kaɗan-kaɗan ake cinye ka, kai kuma kana miƙawa. Ƙirji ya tafi, yatsa ya tafi, kunne ya tafi. Me zan kai wa Inna?" Ya yi dariya, ya ce saura wuri ɗaya. An gaya masa akwai Birnin Tukunya Ɗaya, inda aka haɗa addinan nan uku suka zama guda. Ya ce, "In kowannensu yana riƙe da guntu, can ne za a ga abin cikakke." Na so in buge shi in ɗauke shi a sume zuwa gida. Ban yi ba, don yayana ne.

Birnin kuwa ga yadda yake. Can da, mutanen wuta da na kada da na ungulu sun yi ta yanka juna a kan wurin har rijiyoyi suka koma ɗanɗanon jini. Sai wani mutum ya tashi ya ce duka ukun gaskiya ne, ya gina ɗakin bauta guda, wuta a tsakiya, tafki kewaye da ita, rufin a buɗe don tsuntsaye. Shi ne sarki, shi ne alƙali, sarautarsa kuma Mai Ludayi, don shi ke juya tukunyar. Mai ibada zai shafa toka, ya shiga tafki ya wanke ta, ya fito ya buɗe hannuwa yana kukan ungulu. Ni dai haɗin gambiza na gani. Na kuma lura kowa yana gaisawa da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin riga a kan ƙotar wuƙa.

Mun iso ranar babban bikinsu, rana tsaka, fili ya cika ya batse. Mai Ludayi, wani farin tsoho mai taushin murya, ya hau dakali yana cewa wuta gaskiya ce, ruwa gaskiya ne, fiffike gaskiya ne. Na riƙe rigar Jatau, ya fizge. Ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, na je wurin duka ukun, ga shaidunsu a jikina. Kowannensu ya gaya min sauran biyun ƙarya suke yi. In duka gaskiya suka faɗa, ashe har wannan ma gaskiya ce?"

Wani daga cikin taro ya ce, "Mutanen kada ne suka ce mana maƙaryata?" Wani ya amsa, "An faɗa ɗin!" Shi ke nan, hannuwan da ke cikin riguna suka fito. Ban taɓa ganin yanka irin na ranar ba, ni da na tashi a mahauta. Maƙwabci ya farke cikin maƙwabci, mata suna rotse kawuna da taɓarya, ana jefa mutane a wuta da ransu, tafkin ya cika da gawa har kadojin da ke cikinsa suka ƙoshi suka daina ci, ungulaye suna sauka a kan waɗanda ba su gama mutuwa ba. Ina sara ina ja da baya, Jatau a bayana. Sai na ji ya ce "Wash." Na juya na ga mashi ya shige shi ta ciki ya fito ta baya. Har yau ban san na wace ƙungiya ba ne.

Na ja shi bayan wani bango na ɗora kansa a cinyata. Ya ce, "Nomau, ruwa." Babu ruwa sai na tafkin nan. Na ce, "Yaya, yi haƙuri." Ya ce, "Ban samo ba. Ka sa ni a ƙasa irin na Baba, fuskata gabas. Tambayar da na yi ta yawo da ita, yanzu ni za a yi wa." Na laƙƙana masa kalmar shahada, leɓensa ya motsa, ban ji abin da ya fito ba. Ya cika a hannuna, na yi kuka kamar ba namiji ba.

Ina cikin haka inuwa uku ta rufe ni. Masu binmu ne, yau sun matso. Mai toka ya nuna ƙirjin Jatau ya ce, "Namu ne." Mai mashi ya nuna hannun ya ce, "Namu ne." Mai rigar gashi ya nuna kunnen. Sai a lokacin na gane mece ce shaida. Ashe irin alamar da muke yi wa saniya ce in mun saye ta, don kowa ya san mai ita. Duk wanda ya karɓa ya ba da gawarsa, su kuma gawar suke bi tun farko.

Na miƙe na raba ƙafafu a kan yayana, wuƙar fiɗa a dama, guntun mashi a hagu. Mai toka ya fara kawo hannu, na zabge masa yatsu biyu. 'Yan'uwansu suka taru, na sassari waɗanda na sassara, na ji an fasa min goshi, jini ya rufe min ido ɗaya, ban gusa ba. Daga ƙarshe dogaran Mai Ludayi suka watsa min taru kamar kifi, suka yi ta dukana har na saki wuƙar.

Aka kai mu gabansa, ni a ɗaure, Jatau a kan tabarma. Faɗan ya lafa, kowa ya gaji da kisa, amma ga manyan bokaye uku kowa yana cewa gawar tasa ce, ana shirin sake tashi. Mai Ludayi ya ɗaga hannu ya ce, "Ba a faɗa a kan gaskiya a birnin nan, raba ta ake yi. Kai na ungulu, gangar jiki ta wuta, hannuwa da ƙafafu na kada. Kowa ya samu, kowa ya yi daidai." Aka shimfiɗa ganye wuri uku, aka kawo gatari da wuƙaƙe, wani ya fara gwada wuyan yayana da igiya. Na san wannan aikin. Watanda ce, irin wadda mutane kan haɗu su sayi sa a yanka a kasa musu kashi-kashi. Ni da hannuna na kasa ta ba adadi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, uwarsa ta ce a sa shi a ƙasa."

Ya ce, "Ƙasa ba ta cikin ukun, ɗana. Da tana ciki da na ba ta kasonta."

Na roƙe shi, na zage shi, na yi ta fizge-fizge har igiya ta yanke min fata. Mai gatari ya gyara tsayuwa. Sai wata magana ta faɗo min, na ce, "Ku tsaya! Ku dube shi, ku dube ni. Shi ƙashi ne da fata, tafiya ta cinye shi. Ni na yi biyunsa. Ku sa min shaidunku duka uku, ku bar min shi."

Bokayen suka dubi juna. Suka zo suna lallatsa min cinya da kafaɗa yadda nake yi wa bijimi a kasuwar shanu. Bokan wuta ya ce, "To a yanka shi yanzu a raba."

Na ce, "Kai da girmanka, kashi ɗaya cikin uku ya ishe ka? Ku bar ni da raina, kada wani cikinku ya kashe ni da makami. In wuta ta ci ni, duka na wuta ne. In ruwa ya ci ni, duka na kada. In na faɗo daga bisa, na ungulu. In kuwa na mutu a kan shimfiɗata, sai ku yi watandarku." Na ga idon kowannensu ya yi haske, kowa yana ganin ubangijinsa ba zai bari a riga shi ba. Mai Ludayi kuma ya ga rigimar za ta bar masa gari ta bi ni, ya ce ya yarda. Amma ya ƙara sharaɗi. Ya ce, "Mutanen nan uku da suka biyo ku za su ga inda ka binne shi. Ranar da ka mutu, in aka hana su gawarka, za a dawo a tone shi a raba abin da aka samu." Aka rantsar da su, aka rantsar da ni.

A wuni ɗaya suka yi min abin da suka yi wa Jatau a ƙasa uku. Ƙarfen ya sauka a ƙirjina, na ji ƙaurin naman kaina. Kadan ya datse yatsan, na ji ƙarar ƙashin a cikin kunnena. Wuƙar ungulu ba ta da kaifi, sai da suka yi ta gurzawa. Kowane boka ya so in maimaita kalmomin bautarsa, na ce shaida muka yi da ku, ba magana ba. Na datse haƙora ina kiran sunan Allah a zuci. Ko ya karɓa, ko alamun nan sun ɓata ni a wurinsa, na tambayi malamai da yawa, kowa da abin da ya ce min.

Na saɓi yayana na fita da shi bayan birni, wajen wata ƙorama. Na wanke shi, na yaga rigata na yi masa likkafani. Ba fartanya, da wuƙa da hannu na haƙa, jinin yatsana yana zuba a ramin. Na tsaya ni kaɗai na yi masa salla, mutum uku suna zaune a kan dutse suna kallo. Na kwantar da shi a kan damansa, fuskarsa gabas, na jera itace, na mai da ƙasa. Na daɗe zaune a wurin ina tunanin yanzu an zo masa da tambayar, ba ni kuma da halin toshe masa baki.

Hanyar dawowa ba ta yi wuya ba, don ba wanda ya taɓa samun masu gadi irin nawa. Da mai toka ya lallaɓo zai cinna wa bukkar da na kwanta wuta, mai mashi ne ya soke shi a cinya. Da mai mashi ya huda kwalekwalen da na shiga, mai rigar gashi ne ya tsamo ni. Haka muka iso Tudun Marke. Inna ta shafa kunnena, ta shafa hannuna, ba ta tambayi komai a kansu ba. Ta ce, "Ka sa shi?" Na ce, "Na sa shi, Inna." Ta ce, "Madalla."

Waɗancan tsofaffin uku da kuke gani kullum a ƙofar gidana, su ne. Tare muka tsufa. Akushi ɗaya nake aika musu, suna ci suna musu a kan wanda ya yi duniya, har yau ba wanda ya ja wani zuwa addininsa. Wuta ba ta ci ni ba, ruwa bai ci ni ba, ban kuma hau ko katanga ba. Tarin nan da kuke ji shi zai kai ni, a kan shimfiɗata, su ma sun sani, shi ya sa kwanan nan kuke jin suna wasa wuƙa.

Na ji samarin unguwa suna cewa ranar za su fito da sanduna su kore su. Don haka na tara ku. In kuka hana su, akwai ƙasa uku a bayansu, sun kuma san ƙoramar nan da dutsen da ke gefenta. Yayana yana kwance cikakke inda na sa shi, a nan nake so tashin ƙiyama ya same shi. Nan hikayata ta tsaya, sai roƙo ɗaya. In na cika, ku yi min wanka, ku sa min likkafani, ku yi min salla kamar kowane Musulmi. Sannan ku ajiye makarar a ƙofar gida, ku shiga ciki, ku rufe ƙofa.